Hannun da Ya Wanke Mini Ido

Sunana Yelwa, amma har na zama budurwa ban taɓa jin sunan nan a bakin wadda ta haife ni ba. Ni ce 'yar fari, kuma a ƙauyenmu da ke kusa da Ɗanzomo kunyar ɗan fari ba wasa ba ce a wancan zamani. Uwa ba ta kiran sunansa, ba ta ɗaukarsa a gaban mutane, in ya faɗi ya fasa baki sai dai ta kau da kai wani ya ɗaga shi. Ana yaye ni aka miƙa ni ɗakin kakata Iya, uwar babana, na zama 'yarta.

Mahaifiyata sunanta Asama'u, amma tun ranar da aka kawo ta gidan ake kiranta Amarya, har ta haifi 'ya'ya huɗu sunan bai sake ta ba. Ni ma Amarya nake ce mata. Sauran mata sukan sassauta kunyar in yaro ya tasa, ita kuwa ta riƙe tata kamar an ba ta ajiya. In tana so in yi wani abu sai ta nemi wani ta faɗa masa, ko da kuwa ina tsaye a gabanta.

"Ilu, ka ce wa 'yar Iya ta kwashe barkonon nan, rana ta juya."

Ilu ƙanena ne. Sai ya juyo ya maimaita mini yana ƙunshe dariya, kamar ni kurma ce. In babu kowa a kusa kuwa, maganar ta fasu ke nan. Abin yana ci mini rai ƙwarai. Nakan zauna a ƙofar ɗakin Iya in ga tana yi wa ƙanwata Talatu kitso, tana kallon fuskarta tana murmushi, ni kuwa in idonta ya zo wucewa ta kaina sai ya tsallake.

Iya idonta ɗaya ne. Agana ce ta cinye na hagun tun tana yarinya, ta bar mata fuska duk ramuka. Ta kuma ba ni labarin wani ƙanenta da wanzami ya tsaga wa hannu ya shafa masa ruwan ƙurjin mai agana, wai don ya yi ta da sauƙi, sai ta tafi da shi. Saboda haka shekarar da masu lamba, wato masu rigakafin agana, suka zo ƙauyenmu da motarsu, ina da kamar shekara bakwai, Iya ba ta tsaya jin bayani ba. Ta ɗaga ni ta jefa cikin rumbun gero, ta ce in na yi tari sai ta yanka ni. Amarya tana tsaye a tsakar gida, Ilu a hannunta, ƙaninsa Mati a bayanta, za ta kai su layi. Ta ga komai. Ba ta ce uffan ba, don ba ta da bakin magana a kan 'yar Iya. Aka yi wa kowa lamba a damtse, ni na fito da ƙaiƙayin gero.

Shekaru suka wuce ba a sake jin agana ba, har aka fara mantawa da ita. Sai ga farin nan da ya kashe shanu, wanda ya koro mutane daga Damagaram da iyalansu. Ruwa ya ƙi, rumbuna suka yi ƙasa, nama ya zama sai a labari. Yaran ƙauye suka koma haƙar gafiya da bin kurege a bayan gari. Wata rana Ilu da Mati suka dawo da wata ƙatuwar gafiya suna taƙama, ko da yake daga baya Mati ya tona cewa ba ta ma yi wani gudu ba, kamar dai ba ta da lafiya. Suka yanka. Ni na babbake ta, na fasa cikin na wanke, da ɗan yankan wuƙa a yatsana da ban ɗauka a bakin komai ba. Iya ta sha romo ta sa mana albarka.

Bayan kwanaki zazzaɓi ya kayar da ni, da ciwon kai kamar ana daka a ciki. Kaluluwa ta fito mini a wuya da ƙarƙashin muƙamuƙi har ban iya haɗiyar yawu. Amarya ce ta fara lura, ko da yake ban ga lokacin da ta dube ni ba. Na dai ji ta daga bakin murhu tana cewa, "Iya, a duba wuyan yarinyar nan." Iya ta lalube ni ta ce zafi ne, ta jiƙa mini tsamiya. Sai ƙuraje suka ɓullo, fuska da fari, sannan hannuwa har tafinsu, har tafin ƙafa, masu tauri kamar an cusa wake a ƙarƙashin fata. Ranar da suka ɗuri ruwa Iya ta kawo idonta mai kyau dab da fuskata, ta daɗe tana dubawa. Ba ta faɗi sunan ciwon ba, amma kafin azahar duk ƙauyen ya san agana ta dawo.

Babana Dogo dillalin dabbobi ne a kasuwar Maigatari, kuma a lokacin ya tsallaka iyaka neman raguna, ba a san ranar dawowarsa ba. Mai unguwa Cindo ne ya yanke shawara. Ya ce a kafa mini bukkar zana a gindin tsamiyar bayan gari, kamar yadda iyaye suka saba, kada kuma kowa ya kai maganar gaba. Tsoronsa kada hukuma ta ji ta tsare hanya, a hana mutane zuwa kasuwa a shekarar da kowa ke cin yau da abin da ya sayar jiya. Ban ga laifinsa sosai ba, mutum ne mai gidaje a wuyansa.

Aka kai ni bukkar, Iya na biye da sandarta. A ranar ne fatar idanuna ta kumbura, kwantsa ta liƙe su, haske ya ɗauke mini. Akwai wani ƙurji da ya zauna daidai bakin fatar idon dama, yana sukata duk sanda na motsa. Ban ji tsoron mutuwa ba, don a shekara goma sha uku ban san ta ba. Makanta nake tsoro, ita kam na girma ina kallon rabinta a fuskar Iya. Na riƙa tambaya, "Iya, zan sake gani?" Ita kuma tana cewa in yi shiru, za ta dama tozali da wani sassaƙe ta ɗura mini, ruwa kuwa ba zai taɓa jikina ba sai ƙurajen sun bushe.

Abin da ya faru a wajen bukkar daga nan, Gwaggo Mero ce ta ba ni labari daga baya. Gwaggo Mero ƙanwar babana ce, bazawara mai tuyar ƙosai, wadda in ta yi magana a gidanmu ana ji a bakin rijiya. Ta ce da sassafe Amarya ta ɗauki ƙwaryar daddawa ta ce za ta kai Ɗanzomo, alhali ba ranar kasuwa ba ce. Ta taka a ƙasa cikin rairayin nan har sha-ka-tafi, ta durƙusa a gaban malamin asibiti ta ce 'yar surukarta ce ba ta da lafiya, ta kwatanta masa ciwon tiryan-tiryan. Mutumin ya ce 'yar surukarki shekararta nawa, ta ce goma sha uku. Ya ce surukar fa, ta ce ta kusa saba'in. Ya dube ta, ya gane, bai ƙara tambaya ba, ya aika Gumel.

Da ta dawo Mero ta tare ta a zaure ta ce, "Amarya, kin san abin da kika yi kuwa? Mai unguwa ya hana."

Ta ce, "Na yi shiru sau ɗaya a bakin rumbu. Ya isa."

Washegari da hantsi na ji ƙarar babur. Wani mutum ya yi sallama a bakin bukka, murya a kwance kamar wanda ya zo gaisuwa. Malam Sa'idu ne daga Gumel, yana cikin waɗanda suka yi aikin lamba tun farko. Ya ce, "Sannu 'yan mata, zan taɓa wuyanki, ba zafi." Ya daɗe yana lallatsa kaluluwar, ya buɗe tafin hannuna, ya ɗaga damtsena na hagu, ya ɗaga na dama.

"Iya, ban ga lambarta ba."

Iya ta ce, "Ni na ɓoye ta a rumbu, Malam."

Na zaci zai yi faɗa. Sai ya ce, "Ba ke kaɗai ba ce, Iya. Rumbuna da yawa sun cinye mana yara a ƙasar nan." Ya tambaye ni ko na taɓa wani naman daji kwanan baya, na ba shi labarin gafiya. Ya ce a kira masa waɗanda suka kamo ta. Na ji su Ilu daga nesa suna rantsuwa ba su yi komai ba, ya duba damtsensu ya ga lamba, ya ce su tafi.

Mai unguwa Cindo yana tsaye can gefe, ya kasa haƙuri ya ce, "Malam, ita ce ko?"

Malam Sa'idu ya ce, "Ba zan rantse ba sai an gwada. Amma agana ba ta cika zuwa da kaluluwa haka ba, ƙarambau kuma ba ya yin tauri haka. Tun da aka ci ƙarfin agana an fara ganin wata mai kama da ita a ƙasashen kurmi, can Kwango, da Laberiya, da Saliyo, har kudancin ƙasar nan tamu an taɓa samu. An ce mana mu sa ido. Kusan duk waɗanda ta kama yara ne, yawancinsu marasa lamba. Da sunan biri ake kiranta."

Iya ta ce, "Biri? Ina yarinyar nan ta ga biri a ƙasar Gumel?"

Ya ce, "Suna ne dai aka ba ta, Iya. Ana zaton ƙananan namun daji ma suna ɗauke da ita."

Ya ɓamɓari ɓawon wani ƙurji a hannuna ya sa a 'yar kwalba, ya ce za a kai Legas, daga can a wuce da shi ƙasar waje. Duk da zazzaɓin da nake ciki sai da na yi mamaki, ni da ban taɓa zuwa ko Gagarawa ba, ga ɓawon ƙurjina zai hau jirgin sama. Amsar ba ta zo ba sai bayan watanni, aka ce ba agana ba ce, iyakar abin da ya iso ƙauyenmu ke nan. Ko waccan ɗin ce, ko wata ce dabam, ban sani ba, kuma ba zan faɗi abin da ban sani ba. Sai dai yanzu in na ji rediyon jikokina tana maganar ƙyandar biri, yadda take kama yara ƙanana da masu tasowa a ƙasashe da dama, nakan tuna da muryar mutumin nan a gindin tsamiya, in kuma tambayi kaina wa ke wanke wa yaran nan ido.

Hanya dai ba a tsare ta ba. Malam Sa'idu ya bi gida-gida ya yi wa marasa ita lamba, ya ce a bar ni a bukkar, shawarar mai unguwa a nan ta yi daidai, abin da ya sa mai unguwa ya saki fuska. Sannan ya dawo kan idanuna. Ya ce tozali da sassaƙen Iya kada su kusance su. Ya ce ciwon jikin zai wuce in Allah ya yarda, idon ne abin ji, musamman na dama. Sai an riƙa wanke shi da tafasasshen ruwa mai ɗan gishiri, a shafa maganin da zai bari, safe da rana da yamma ba fashi, kada ƙuda ya sauka, kada in sosa. In ƙurjin ya fashe ya shiga ciki, fari ya hau baƙin idon, shi ke nan. Yana son mace mai lamba, mai gani sosai, wadda hannunta ba ya rawa, ta ɗaure hanci da baki da ƙyalle, ta zauna a nan kada ta koma cikin yara sai na warke.

Sai ya ce, "Ina uwarta?"

Matan gidanmu suna tsaye daga nesa. Ba wadda ta amsa. Ina kwance ina saurare, kuma shirun nan ya fi ƙurajen zafi. Can sai na ji Iya ta ɗaga murya yadda kowa zai ji, ta ce, "Gwaggonta Mero ce za ta zauna da ita."

Ga abin da idona bai gani ba. Mero ta taka za ta fito, sai Amarya ta riƙe mata gefen zane. Ta wuce gaba kanta a sunkuye, ta zame mayafi daga kafaɗa ta nuna wa Malam Sa'idu lambar damtsenta. Uwa ta fito ta yi jinyar 'yar fari a gaban surukarta da mai unguwa, a wancan lokacin abin a yi shekara ana zancensa ne. Iya da ido ɗaya ta ga abin da ke faruwa, nan take ta rufa mata asiri da sunan Mero. Mero ta ja da baya ta koma gida riƙon su Talatu. Duk wanda ke wurin ya gane, kuma ba wanda ya tanka.

Haka Amarya ta shigo bukkata da sunan wata, ni kuwa ban sani ba. Ta ina zan sani? Tun da aka yaye ni hannun nan bai taɓa jikina ba. Na ce, "Gwaggo, ke ce?" Aka ce, "Uhm." Iya ta leƙo ta ce mini Malam ya ɗaure wa Mero baki, ya hana ta surutu don kada ciwon ya shige ta. Na yarda, har na ce a raina lallai likitan nan ya isa, tunda ya iya abin da mijinta na da ya kasa.

Ban taɓa sanin hannu zai iya yin haƙuri irin wannan ba. Takan tallafi ƙeyata a cinyarta, ta jiƙa auduga ta ɗora a kan ido har kwantsar ta yi laushi, sannan ta share daga gefen hanci zuwa waje, a hankali kamar mai tsince tsakuwa a cikin gero. Kowane ido da audugarsa. In ta zo kan ƙurjin nan na dama har numfashinta nakan ji ya tsaya. Da ƙaiƙayi ya taso ina neman yage fuskata, sai ta naɗe mini hannuwa da tsumma, ta riƙe su a nata, ina zaginta ina kuka, ba ta saki ba. Bakina duk gyambo ne, koko kaɗai ke wucewa, shi ma da ɗan ƙaramin ludayi, kurɓi ɗaya ta jira, kurɓi ɗaya ta jira. Da rana ina jin mafici yana kaiwa yana komowa a kan fuskata, ban san lokacin da take hutawa ba.

Ƙauyen ma ya taya ta. Mata in za su rijiya sai su tsaya daga nesa su ajiye mana ruwa ko itace, su ɗaga murya su ce, "Mero, ya mai jiki?" Ta ce, "Uhm." Su ce, "Allah ya ba ki lada, Mero." Har mai unguwa Cindo da kansa na ji ya zo ya gaida Mero. Ita kuwa Mero ta gaske tana can gida tana magana ƙasa-ƙasa don kada iska ta kawo mini muryarta. Ta ce mini a duk wahalar shekarar nan, har da yunwar, ba abin da ya kusa kashe ta kamar wannan. Baƙonmu ɗaya ne da ba ya tsayawa nesa, wata kaza da ta gano ana zubar da ɗan tsaki a bakin bukka, kullum tana nan tana ƙyarƙyara.

Da zazzaɓin ya sauka sai bakina ya buɗe. Mutum yana kwance cikin duhu, ga mai saurare da ba ta katse shi, me zai hana shi zuba? Wata rana da la'asar tana wanke mini ido na ce, "Gwaggo, Amarya ta tambaye ni kuwa?"

Hannun ya ci gaba da aikinsa.

Na ce, "Na san ba za ta tambaya ba. Ko ranar da Malam ya ce ina uwarta, ai kin ji, ba ta amsa ba. In na makance ita ba ta yi asarar komai ba. Wallahi Gwaggo, da za a jera mu 'yan mata a kasuwar Maigatari a ce ta nuna 'yarta, ba za ta iya ba. Ba ta san fuskata ba. Ba ta taɓa kallona ba."

Hannun ya tsaya a kan goshina. Ta sauke kaina a hankali ta fita. Na ji tana faskaren itace a waje, ta daɗe tana yi, fiye da abin da murhu ɗaya zai ci. Da lokacin wankin yamma ya yi ta dawo, ta ɗora kaina a cinya, ta jiƙa auduga kamar kullum.

Malam Sa'idu ya sake zuwa bayan ƙurajen sun fara bushewa. Ya ɗan ɗaga fatar idon, na ga wani jan haske mai zafi na yi ƙara. Ya ce na hagu ya tsira, na dama har yanzu da saura, a ci gaba kada a gaji. Ya ce, "Baiwar Allah, hannunki yana da kyau." Aka ce, "Uhm." Na lura bai ce Mero ba, amma ban kawo komai a raina ba. Tunanina duk yana kan idon dama. Na fara gwada yadda zan riƙa juya kai irin na Iya in an kira ni ta gefen da ba ya gani, ina yi ina hawaye a ɓoye.

Wata safiya bayan ta gama wanki ta shafa magani, sai na ji fatar idon hagu ta saki da kanta. Haske ya shigo ta ramukan zana, ɗigo-ɗigo. Na runtse, na sake buɗewa. Na dama ya biyo baya da ƙyar, yana ruwa. Na sa tafin hannu na rufe na hagu. Da fari hazo ne kawai. Sannan hazon ya fara rabuwa, na ga tulu, na ga bakin bukka, na ga kazar nan, ashe ja ce. Akwai ɗan gajimare a gefe guda, yana nan har yau, amma idon yana gani. Da shi nake zura zare a allura har na tsufa.

Na buɗe baki zan kira Gwaggo, sai na ga matar da ke durƙushe tana wanke ƙoƙo, ta ba ni baya. Ba ta kai Mero jiki ba. Zanen kuma na san shi, baƙin saƙi mai ratsin fari, na sha ganinsa a kan igiyar shanya a ƙofar ɗakin da ba na shiga. Ta juyo da ƙyalle a bakinta. Ta rame, idanunta sun faɗa. Suka haɗu da nawa, suka tsaya, ta duba na hagu, ta duba na dama, ta ga yana bin ta. Sai ta yi sauri ta kau da kai.

Duk maganganun da na zuba suka dawo mini lokaci guda. Na rasa inda zan sa kaina, sai na kai hannu fuska don in ɓoye ta, na ji ta duk ɓawo da ramuka. Yatsana ya sauka ƙarƙashin haɓa ya tarar da wani tabo mai zurfi, dogo. Ga kunya, ga murna, ga tsoron na zama abin kallo, sai kawai na fashe da kuka.

Amarya ta duba dama, ta duba hagu. Ba Ilu, ba Iya, ba kowa. Ta leƙa waje, hanyar rijiya ba mutum. Sai kazar nan da ke tono a bakin bukka. Ta sauke ƙyallen daga bakinta, ta fuskanci kazar, muryarta a dushe don ta daɗe ba ta yi aiki ba.

Ta ce, "Ke, ki ce wa 'yar Iya ta bar kuka, hawaye zai wanke maganin. Ki ce mata na ƙarƙashin haɓa ba na ciwon nan ba ne. Daga kan turmi ta faɗo tana shekara uku, Mero ce ta ɗauke ta. Na gefen girar hagu ma tsoho ne, ƙayar aduwa ce, bara da kaka a gonar babansu. Sauran duk sababbi ne, kuma ba su yi zurfi ba, za su dushe."

Ni kaina na manta da ƙayar nan. Na share fuska da bakin zane a hankali, yadda ba zan taɓa maganin ba. Na dubi kazar da idanuna biyu.

Na ce, "Ki ce mata na ji."

Amarya ta mayar da ƙyallenta, ta juya ta ɗora ruwan wankin rana a wuta.